Wuƙaƙen da Kawu Ya Bari

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma wata Laraba da hantsi a ƙauyensu da ke gefen Wurno ta ƙasar Birnin Kudu. Ya sha kunu, ya ce tsamiya ta yi yawa, ya jingina da bango. Shi ke nan. Maganarsa ta ƙarshe a duniya ƙorafi ce, kuma duk wanda ya san shi bai yi mamaki ba.

Na zauna zaman makoki da yawa, don shekara hamsin ba wasa ba ce. Amma ban taɓa ganin wanda tsofaffi suke shigowa suna shafa aljihu ba sai wannan. Dattijo zai cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ya haƙuri?" Mu ce, "Haƙuri da godiya." A shafa fatiha. Kafin ya zauna sai ka ga hannunsa ya gangara aljihun 'yar ciki, ya taɓa, ya tabbatar abin yana nan, sannan ya yi ajiyar zuciya. Wasu ma har da ɗan murmushi, suna ɓoye shi a gemu.

Wanda bai ɓoye ba shi ne wani tsohon mahauci na Basirka, abokin Kawu kuma abokin faɗansa. An sauke shi daga babur kamar buhun gero, ya dogara sanda har tsakiyar tabarma. Ko gaisuwa bai yi ba ya zaro 'yar wuƙarsa mai ƙotar ƙaho ya ɗaga sama.

"Jama'a ku shaida, ga ta nan! Shekara talatin yana jira in mutu ya ɗauke ta. To wa ya riga wani?"

Liman ya ce, "Haba Baba, gidan rasuwa ne fa."

"Na sani, Malam. Ai shi ya sa na zo in gaya masa."

Sai ya zauna, ya sa wuƙar a cinya, ya rufe fuska da hannun riga. Kafaɗunsa suka dinga rawa. Muka rasa ko dariya yake ko kuka, sai da muka ga gemun ya jiƙe.

To, bari in yi wa wanda bai san Kawu ba bayani, kada ya ɗauka ɗan daba muka binne.

Kawu manomi ne, gero da dawa da ɗan riɗi, kamar kowa. Abin da ya raba shi da kowa shi ne tara wuƙaƙen aljihu na mutanen da. Ba na kasuwa ba. Sai wadda mai ita ya mutu. Duk inda aka yi rasuwar dattijo, daga Birnin Kudu har Sara, har Basirka, Kawu yana can. Zai yi gaisuwa yadda ta kamata, ya yi addu'a mai tsawo, ya bari sai an yi sadakar uku. Sannan ya ja babban ɗan mamacin gefe, ya kwantar da murya: "'Yar wuƙar nan ta marigayi, wa ya ɗauka?" Yawanci ba wanda ya ɗauka. Tana can ƙarƙashin katifa ko a saman katanga tana tsatsa. 'Ya'yan zamani reza suke saya.

Ni na san wannan sosai domin ni ne jakinsa. Shekara goma sha tara ina acaɓa a Birnin Kudu kafin bayana ya ƙi, na koma facin taya, kuma a shekarun nan duk wata ta'aziyya ni nake goya shi. Ba ya tambaya ko ina da aiki. Aike kawai zai yi: "A gaya wa Sarkin Barci an yi rashi a Sara." Sunan da ya sa min ke nan, don da ya fara labarin wuƙa nake fara gyangyaɗi.

Matsalar ita ce bai tsaya a kan matattu ba. Har dubiya yana zuwa. Mutum yana kwance yana fama da zazzaɓi, Kawu zai zauna a gefensa ya ce, "Sannu, Allah ya sa kaffara ne," amma idonsa yana kan aljihun rigar da aka rataye a ƙusa. Har ta kai in aka ji ƙarar babur ɗina a ƙofar gidan mara lafiya, sai ka ji ana cewa daga ciki, "Ku ɓoye wuƙar Baba, ga su nan." Akwai wani tsoho a Sara da ya yi wata biyu bai taka ƙasa ba. Da ya ga Kawu a bakin ƙofa, sai ya miƙe zaune ya ce a kawo masa fura. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, don taurin kai kawai. Iyalansa har yau suna gode mana.

In wuƙa ta shigo hannunsa kuwa, sai ka ga wani mutum daban. Ba ya buɗe ta da gaggawa. Zai juya ta, ya shinshina, ya kai ta kusa da kunne sannan ya buɗe.

"Ka ji? 'Ƙas' ta ce. Ta yanzu ko magana ba ta yi, kamar kwanon sardin."

Ya san wadda maƙeran gida suka ƙera da guntun ƙarfen mota, ya san ta Turawa mai naɗewa da ta shigo zamanin cinikin gyaɗa. Ya san ta malami mai fiƙe alƙalami, siririya kamar ganyen rama, da ta baduku, da ta gyartai, da ta makiyayi mai ƙamshin man shanu da ba ya fita. In yana son gwada kaifi, gashin hannunsa yake askewa. Da nasa ya ƙare sai ya koma nawa. Hannuna na hagu har yau kamar gonar da fari suka bi.

Amma daga gwajin nan, wuƙa ba ta ƙara yanka komai. Ko goro. "Ta gama aikinta," in ji shi. "Kai in ka mutu za ka so a tashe ka ka yi faci?"

Wannan ne ya jawo babban faɗansu da matarsa, wadda muke ce wa Inna. Wata Babbar Salla ina gidan, an kayar da rago, an juya shi gabas, ni na danne ƙafafu. Sai Kawu ya leƙa ta katanga yana roƙon maƙwabci aron wuƙar yanka. Maƙwabcin ya ce sai ya gama nasa. Muka zauna, ni a kan rago, rago yana kallona.

Inna ta fito da ludayi a hannu. "Malam, wuƙa nawa ce a adakar nan taka?"

"Hamsin da takwas."

"Hamsin da takwas! Kuma ragona yana kwance yana jiran ta aro? Ni da na auri mai wuƙa hamsin da takwas, da murfin gwangwani nake yanka kuɓewa!"

"Ba nawa ba ne. Ajiya ce."

"Ajiyar wa? Masu su sun ce za su dawo ne?"

Ba ta ci naman ragon nan ba sai washegari, shi ma don hanta ce.

Abin da yake nufi da ajiya sai ranar Juma'a ake ganinsa. Da hantsi zai shimfiɗa buzu a rumfar tsakar gida, ya buɗe adaka, ya fito da su ɗai-ɗai. Kowace ya goge ta da tsumma da man keken ɗinki, ya kira sunan mai ita da na ubansa da garinsu, ya ce, "Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta." In mutumin ya taɓa cutarsa, sai ya ƙara da, "Duk da dai ka san abin da ka yi." Wasu daga cikin mutanen nan, na rantse, jikokinsu ma sun daina ambatonsu. Kawu kaɗai ya rage yana kiran sunansu a doron ƙasa.

Sau ɗaya na ga ya rabu da wata. Wani mutum ya dawo daga Kurmi bayan shekara ashirin da wani abu, ya tarar ubansa ya daɗe da rasuwa, ɗakin ma ya rushe, ko hoto babu. Aka ce masa ya je wurin Kawu. Kawu ya buɗe adaka, ya ɗauko wata mai ƙotar katako ya damƙa masa, ya kama babban yatsansa ya ɗora a wani ɗan lotsawa da ke jikin ƙotar.

"Nan yatsan babanka yake zama. Shekara arba'in ya yi yana cin wurin."

Yatsan ya zauna daidai. Mutumin ya zauna riƙe da ita har aka kira Azahar. Da zai tafi ya miƙo wuƙar, Kawu ya kau da kai ya ce, "Tafi da ita kafin in canza ra'ayi." Sati guda ya yi yana yi wa kowa faɗa, har kaji.

Shekarun baya, a hanyarmu ta dawowa daga Basirka, ya dafa kafaɗata daga bayan babur ya ce, "Sarkin Barci, in na mutu, kowace ka mayar da ita gidansu. Ka damƙa wa jika, ka faɗa masa sunan kakansa, ka ce ya ɗora daga inda na tsaya."

Na ce, "Kawu, ni ko sunan surukaina ban gama riƙewa ba."

"Na san kanka. Na yi maganin wannan."

Maganin shi ne, ya sa tsohon limamin garin, kafin shi ma ya rasu tasa wuƙar ta shiga adaka, ya rubuta sunan kowane mutum da garinsu da ajami a 'yar takarda. Aka naɗe kowace ƙanana, aka ɗaure da zare a jikin wuƙarta. Waɗanda suka zo daga baya, wani malami ya rubuta. Sai hankalina ya kwanta. Na ci gaba da barcina.

Yanzu ga abin da ya faru. Ranar sadakar uku gidan ya cika da mata, dangi na kusa da na nesa, ana girkin baƙi. Ga kabewa, ga albasa, ga naman akuya biyu, ga wuƙar girki guda ɗaya tal a gidan, ita ma dakusasshiya. Inna tana ɗaki ta shiga takaba, ba ta san abin da ake yi ba. Sai wata surukar gidan mai kuzari ta tuna da adaka.

Na shigo cikin gida neman buta, na tarar da mata sun fi ashirin a zaune, kowace da wuƙar mamaci a hannu. Ta tsohon liman tana yanka attaruhu. Ta wani wanzamin Gwaram tana fere kabewa. Sauran suna cikin daro an jiƙa su da ruwan toka, wai sun yi maiƙo.

Na ce, "Ina takardun?"

Surukar ta ce, "Layun? Ai Yaya kada ka damu, ba mu yar a ƙasa ba. Mun ga rubutun Larabci ne, muka ce kada a taka. Mun ƙona su a murhu da bisimilla."

Na kalli murhun. Tuwo yana ta tafasa a kai. Ban zage ta ba, don abin da aka koya mata ta yi. Na dai zauna a kan turmi, na ji ciwon bayana ya dawo sabo.

Na tsame su na shanya, na ƙirga, sittin da uku. Na zauna na matse ƙwaƙwalwata, na gane bakwai. Bakwai, a shekara goma sha tara. Su ma don a kan hanyar karɓo su ne na faɗi da babur ko taya ta fashe.

Sai ga babban ɗan Kawu, taubashina, wanda yake aikin ofis a birni, ya tsaya a kaina da hularsa mai tsada.

"Kai bawana, me kake shanyawa haka? Kasuwa ka buɗe?"

"Wasiyyar ubanka nake shanyawa, ubangidan banza."

Na gaya masa komai. Ya daina dariya. Ya ce, "Ka ga, a zamanin nan wuƙa sittin a gida ɗaya, in hukuma ta ji, me za mu ce? Addu'a muke yi da su? Ni da an yi sadakar bakwai zan koma. Duk wadda ba ta sami gida ba zuwa ranar, buhu zan sa ta in kai wa maƙeri ya yi lauje. Ba zan bar tsohuwa da wannan kaya ba."

Ban ga laifinsa ba sosai. Amma na san in wuƙar ta shiga wuta, mai ita ya tafi ke nan gaba ɗaya, ba mai sake kiransa.

Ranar sadakar bakwai na yi abin da ban taɓa jin an yi a gidan makoki ba. Bayan an shafa addu'a an raba gumba, na shimfiɗa tabarma a gaban jama'a na jera wuƙaƙen nan layi-layi. Na miƙe na ce, "Dattawa, ni ba mai magana ba ne. Takardu sun ƙone. Duk wanda ya gane ta ubansa ko ta wani nasa, ya faɗi suna ya ɗauka."

Dattawa suka matso suna leƙe. Sai wani tsoho ya miƙa sanda ya nuna. "Waccan mai ƙusar jan ƙarfe ta wan babana ce. Da ita ya yanke min ƙaya a ƙafa, ya haɗa da naman." Wani ya ce, "Ga ta maigidanmu, wadda yake fere rake ya hana mu." Kafin a jima wurin ya koma kamar ranar kasuwar Sara. Masu kuka suna yi, masu dariya suna yi, sunayen da aka shekara ba a ji ba suna ta tashi sama.

Rigima ba ta rasa ba. Dattawa biyu suka kama wata mai ƙotar tagulla, kowa ya ce ta mahaifinsa ce, kowa yana rantsuwa. Tsohon mahaucin nan na Basirka ya ce a miƙo masa. Ya shafa bakinta da yatsa, ya dube su.

"A cikin iyayenku wane ne bahago?"

Ɗaya ya ce, "Nawa."

"To taka ce. Dubi gefen da dutse ya cinye. Kai kuma naka uban ban taɓa ganinsa da wuƙa ba, kullum aro yake. Tawa ma ya ara sau biyu."

Aka kwashe da dariya, har wanda aka kayar.

Da la'asar jama'a suka watse. Wasu wuƙaƙen an tafi da su, wasu an faɗa min garin da zan kai. Tara suka rage a tabarma, ba wanda ya san su. Taubashina ya zo da buhunsa ya tsaya. Na ce ya ba ni minti biyar in yi wa Inna sallama. Na tattara su a gaban rigata na shiga.

Tana zaune a kan tabarma da carbi, ta rame. Na zube su a gabanta na ce, "Inna, na kasa. Waɗannan lauje za su zama. Ke dai kin huta da su."

Ta kalle su ta taɓe baki. Ta sa yatsa ta ture ɗaya gefe.

"Wannan ta mai gyaran ƙwarya ce na bayan Gwaram, mai ɗingishi. 'Yarsa tana aure a Basirka."

Na buɗe baki. "Inna, ya aka yi..."

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga. Shekara shida kawunka ba ya gani sosai, ya hana a faɗa. Wa kake tsammani yake miƙa masa su duk Juma'a? In ya kira suna ba daidai ba, wa yake gyara masa? Na tsane su, amma na san su kamar 'ya'yan cikina."

Na ce, "Alhamdu lillahi! To faɗa min sauran takwas ɗin, in samo mai rubutu."

"A'a."

"A'a kamar yaya?"

"Ɗaya duk Juma'a. Ka zo da hantsi, ka zo da goro, fari ba ja ba. Ka goge su a rumfar can inda zan dinga jin motsi." Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure. "Shi kuma mai buhu a gaya masa, in ya taɓa min ko ɗaya, sai ya haɗa da ni ya kai wa maƙerin."

Mai buhu ya ninke buhunsa ya koma birni.

Kawu mutum ne mai wahalar zama. Ya cinye min mai, ya cinye min taya, ya aske min hannu, bai taɓa cewa sannu ba. Amma ya riƙe mutum sittin da uku a bakinsa lokacin da nasu suka sake su, kuma ban san wani mai digiri da ya yi haka ba.

Yanzu duk Juma'a nake rufe wurin faci, in hau babur da wannan bayan nawa in tafi. Lissafi ya nuna wuƙa takwas Juma'a takwas ce. Wannan da ta wuce ita ce ta goma sha huɗu, kuma huɗu kawai muka mayar. Sai na gama gogewa, na ci tuwo, na ba ta labarin gari, sannan ta ɗauki wuƙa ta juya ta, ta juya ta, ta ce, "Kai, sunan nan yana bakina ya gudu. Tsufa ba daɗi. Ka dawo wani satin." Matar da take tuna wanda bai zo barkar haihuwar ɗanta na fari ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haɗa shi da mutanensa sittin da uku su yi ta musu a inuwa mai sanyi. Inna kuma Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Mantuwar tata dai, ban roƙa mata magani ba.